Motar da Ke Tsoron Ƙaya

Tunda kun kife wayoyinku kun ce in faɗa muku gaskiya, to ku gyara zama, don gaskiyar ba ta da kushin. Kun zo mini da hoton wata ƙatuwar akori-kura mai ƙofa huɗu, tana tsalle a kan tudun yashi kamar barewa ta ji ƙarar bindiga, kuna shawara ko ku sayar da motocin dajin da ke hannunku ku haɗa kai ku saye ta. Ɗayanku har cewa ya yi tuƙin daji ba wani abu ba ne, sitiyari ne da totur, sauran aikin inji ne. Allah ya ba shi lafiya. Ni Ummaru, da ake ce wa Na-Lafani, a bayan sitiyari gashin kaina ya yi fari, tsakanin Illela da ƙauyukanta, kuma irin motar nan da kuke nuna mini na tuƙa ta da hannuna. Za mu zo kanta. Ku bari tukuna ku ji yadda ake shiga sana'ar da kuke son fita daga cikinta da tsalle.

Aikin farko da maigidana Arzika ya ba ni shi ne riƙon waigi, guntun icen nan da ake cusawa a bayan taya. Ina maƙale a bayan mota, ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a iska. Da mun kama hawa injin ya fara tari, sai in ji ya ƙwala, "Waigi!" In dira in cusa, kafin mota ta yi baya da mu da buhunan mutane. Birkin motarsa sai an yi ta matsa shi kamar famfon burtsatse kafin ya tuna aikinsa, saboda haka ni ne birkin. Na daɗe a haka. Har gemu ya fara tsiro mini ban taɓa sitiyari ba sai in zan goge shi.

Arzika ba ya koyarwa da baki. In mun iso yashin da yake shakka, sai ya tsaya ya ce, "Sauka, tuɓe takalmi, taka ka jiya." In yi gaba cikin rana, tafin ƙafata na soyuwa, in dawo. Ya ce, "Mi yac ce maka?" In na ce yashin zai ɗauke mu, muka shiga muka kafe, to shebur na nan yana jirana, shi kuwa ya nemi inuwa ya ɓare goro. Da shebur na koyi karatun ƙasa. Yashin safe da sanyinsa yana riƙe mota, na azahar kuwa garin tuwo ne. Inda suri ya tsaya, ƙasar wurin na da ƙashi. Laka mai ƙyalli kamar an shafa mata man shanu, wannan ba hanya ba ce, kabari ne. In ka ga sawun shanu ya kauce wa wuri, kai ma ka kauce, don saniya ta riga ka zama injiniya. Kafin yashi ka rage iskar taya har ta yi tumbi, bayan yashi ka mayar da ita da famfon hannu, ƙafa huɗu, kana zufa, fasinja na tambayarka daga inuwa ko za a daɗe.

Ranar da ya fara ba ni tuƙi, ba a kan hanya mai kyau ya ba ni ba. Damina ce, wani kwazazzabo ya cika ya kawo, ruwan ja wur yana tafe da karare. Ya kashe mota ya ce in shiga in auna. Na shiga da sanda, na dawo na ce ya kai cinya, ƙasan kuma tsakuwa ce. Ya matsa gefe ya ce, "Kai kaj jiya, kai ka hid da mu." Na kwance fanbel don kada fanka ta watsa wa inji ruwa, na sa ƙaramar giya, na shiga a karkace ina bin ruwan, ba na ƙara wuta ba na ragewa. Da muka haye bai ce sannu ba. Cewa ya yi na bar sandata a wancan gefen, in koma in ɗauko.

Wata Asabar a bayan Amarawa, da lodin wake, lagireto ya tsage. Ruwa na tsiyaya, babu gari a kusa. Arzika ya leƙa bayan mota ya ce, "Wa ad da yaji?" Wata tsohuwa ta kwance ƙulli tana gunaguni. Ya juye garin barkonon cikin lagireto, ya cika da ruwan jarka, ya tayar. Barkonon ya bi ruwa ya toshe tsagar. Muka iso Illela mota na ƙamshin tukubar tsire, fasinja na atishawa, tsohuwar na cewa ita fa tuwonta na yau ya tashi a banza. Tun ranar ban sake fita ba yaji ba. Kayan aikina ba su da kyan gani: shebur, jak da katakon da ake ɗora shi a kai don kada ya nutse, faranti biyu na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta kafe, igiya, waya, robar tsohon tif, da sabulu. Sabulun ba na wanka ba ne. In tanki ya huje, shi ake murzawa a bakin hujin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuwa na leƙa motar ɗayanku jiya, abin da na gani a ƙarƙashin kujera turare ne da cajar waya.

Lodin farko da na ɗauko da kaina na Hajiya Kulu ne. Lokacin na bar hannun Arzika, Alhaji Bawa, wani ɗan kasuwar iyaka mai motocin daji biyu, ya ba ni makullin ɗaya. Ɗaya na bin layin Darna, tawa na bin Lafani. Hajiya Kulu kuwa uwar 'yan albasa ce, a fadamar Lafani take saye ta kai kasuwar Lahadi, inda 'yan kudu da mutanen Ƙonni ke jira. Ta aiko cewa kayan kaɗan ne. Ku riƙe wannan: duk mai kayan da ya ce kaɗan ne, ka tafi da igiya biyu. Na tarar buhuna sun yi tudu, ga raguna, ga wata surukarta da za a kai asibiti.

Na ce, "Hajiya, mota guda ta hwa."

Ta ce, "Awo. Ni ma Hajiya guda ta, kuma gida ukku nika ɗauke da su. Aza!"

Na aza. Haka muka saba har yau. Kujerar gaba tata ce, ba ta rufe baki daga Lafani har kasuwa, kuma ba ta taɓa bari na ci abincin saye ba.

Masu kaya iri-iri ne. Akwai mai rantsuwa cewa bijiminsa mai hankali ne, sai an hau hanya ya fasa gilashin baya da ƙaho. Akwai mai cewa gonarsa a bakin hanya take, ashe hanyar kakansa ce da jakinsa. Akwai wanda zai zauna a bayanka yana koya maka tuƙi, shi da ko keke bai taɓa hawa ba. Na ɗauki gero, na ɗauki gishiri, na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki gawa, wani lokacin duka a yini ɗaya. Cikinsu babu wanda ya taɓa tambayata gudun motar. Tambayarsu ita ce, za ta zo, kuma za ta kai?

Takin shanu na ɗauka a shekarar da aka rufe iyaka. Ita ce muguwar shekararmu. Kasuwa ta mutu a tsaye, mai ya zama kamar turare, a 'yar kwalba ake auna shi. Motocin daji suka jeru a bayan tasha, tayoyi suka sace, kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinsu. Da yawa suka sayar wa 'yan gwangwan, aka yanka aka ɗora a sikeli. Alhaji Bawa ya ce shi ba ya sayar da abin da ya ciyar da shi. Sai na koma kai taki gonaki, da yashi wurin magina, da ruwa a duro. Ana cikin wannan hali sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe nauyin lodi, ya karye, ga shi babu kayan gyara da ke shigowa. Wani maƙeri a Darna ya ciro na wata matacciyar mota, ya sa a wuta, ya daka, ya daidaita mini shi. Yana jikinta har gobe. Motar da maƙeri zai iya yi wa magani ita ta fitar da mu daga shekarar nan.

Bayan an buɗe iyaka Allah ya yi wa Alhaji Bawa rasuwa, motocin biyu suka faɗa hannun ɗansa Bashiru. Yaro ne mai ladabi, ba zan ɓata shi ba, a gabana ya yi rarrafe. Ciwonsa irin naku ne, a waya ya kamu da shi. Wata safiya ya same ni kwance ƙarƙashin mota ina ɗaure salansa, ya durƙusa ya cusa mini hoton a fuska.

"Baba Ummaru, diba wagga. Ƙarhin dawaki ɗaruruwa gare ta. Inda kaka yini kana haƙa, ita tashi taka yi."

Na ce, "Dawakin nan, mi suka ci?"

Ya ce, "Kai dai Baba. Saida tsohhin ga biyu za ni yi, in cika in sawo ta. Mota guda ta yi aikin biyu."

Na ce a kawo ta mu gani, gani ya kori ji.

Isuhu dillali ne ya kawo ta, wani siririn mutum mai shigo da motoci daga Kwatano, bakinsa kamar an jiƙa shi da zuma. Ja ce wur, tayoyinta sun kai ƙugun mutum, ƙararta kamar hadari na tasowa daga gabas. Aka ajiye ta a tasha, masu motocin daji suka rabu biyu. Masu jini a jika suna cewa zamani ya zo, wanda ya tsaya a kan tsohuwar mota zai tsaya har abada, da wannan mutum zai je Darna ya dawo kafin shayi ya huce. Dattawa suna cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Wani ya ce ai ko ba komai jami'an hanya za su riƙa sara maka maimakon su tsayar da kai. Wani ya tambayi inda ake samun tayarta in ta fashe, Isuhu ya ce ba ta fashewa. Duk wanda ya shafa jikinta sai Isuhu ya bi wurin da hankici.

Ba zan ci amanar mota ba. Muka fita wani fili a bayan gari, yashi zalla, irin wanda nake rage iska in yi bisimilla kafin in shiga. Bashiru ya ba ni sitiyari. Na taka, kujera ta rungume ni, itatuwa suka riƙa gudu baya. Ramuka da kunyoyi ta haɗiye su, ko hulata ba ta motsa ba. Ciki sanyi ƙalau, har kujerar na hura wa bayanka iska. Waɗanda suka ƙera ta sun san yashi, wannan na sheda. Isuhu ya ga haƙorana a waje, ya ce, "Baba, ƙaƙa kaj jiya?"

Na ce, "Ta iya gudu. Saura mu ga ko ta iya aiki. Gobe Asabar, albasar Hajiya Kulu na Lafani tana jira."

Fuskarsa ta ɗan canja, amma ciniki bai faɗa ba tukuna, dole ya ce to.

Hanyar fadamar Lafani kun san ta. Burtali ne tsakanin gonaki, shingen ƙaya dama da hagu, faɗinsa daidai amalanke da tsohuwar motata. Wannan kuwa kafaɗunta sun fi ƙarfin wurin. Muna sa kai, ƙaya ta ce ƙiii a jikin fenti. Isuhu ya yi ƙara kamar shi aka karce.

"Tsaya! Don Allah Baba tsaya! Ba a biya ta ba tukuna!"

Ya dira, da shaddarsa da takalminsa mai ƙyalli, ya shiga gaba yana ɗage rassan ƙaya da hannu. Ya ɗage wannan in wuce, ya ruga ya ɗage wancan, yana tsotsar yatsa. Haka muka tafi, dawaki ɗaruruwa suna bin mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa. Masu ban ruwa suka bar aikinsu suka fito kallo. Wani dattijo ya jingina da hauyarsa ya daɗe yana dubanmu, sannan ya ce, "Sannunku da hanya. Makauniya ta, da anka yi mata ɗan jagora?"

Bashiru ya ɗaga gilashi.

Mun tarar da Hajiya zaune a kan buhu. Ta tashi ta zagaya motar, ta leƙa kujerun fata na gaba da na baya, ta zo wurin kaya ta tsaya.

"Bashiru, ina sauran motar?"

"Duka ke nan, Hajiya."

"Wanga ɗan akwatin? Ai kwandona ya hi shi ciki."

Gaskiyarta. Duk girman motar a ɗaki da hanci ya ƙare, wurin kaya ɗan tsito ne. Aka fara aza albasa, Isuhu na shimfiɗa tabarma don kada buhu ya goge fenti. Ba a kai rabin abin da tsohuwata ke ɗauka ba, bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar akuya mai cin ganyen bisa. Ƙafafunta da laushi aka yi su, don tsalle, ba don dako ba. Sai ga wani Bafulatani ya jawo bijimin da Hajiya ta saya, ƙahonsa kamar rassan gawo. Isuhu ya shiga tsakanin bijimi da mota ya ware hannuwa.

"Hajiya, sai dai a aza shi bisa kaina."

"In ka iya, duƙa," in ji ta. "Ni kasuwa nika so shi kai, ban damu da wa yak kai shi ba." Sannan ta juya wurin Bashiru, ta daina dariya. "Ɗana, ubanka bai taɓa barin kayana ga rana ba. Albasa ba ta jiran kwalliya."

Aka bar bijimi da mafi yawan albasar, a kan zan dawo da tsohuwar motata in kwashe. Hajiya ta ƙi shiga, ta ce ita ba kifi ba ce da za a sa ta a firji.

A dawowa allurar mai ta kwanta. Tun safe take sha kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Muka tsaya wurin mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, irin wanda motocinmu suka girma da shi, aka ɗura. Ba mu yi nisa ba fitilu suka kunnu a gaban sitiyari, ja da rawaya, wani abu na ta kuka kamar ɗan tsako, rubutun Turanci na fitowa yana ɓacewa. Na taka totur, ta ƙi, ta koma tafiyar hawainiya. Na buɗe bonet don in ga abin da zan taɓa, na tarar da murfin roba a kan murfin roba, babu inda mutum zai sa sifana. Isuhu ya kira wani a Kano. Mutumin ya ce man ne bai yi mata ba, kada kowa ya taɓa ta, sai an jona mata kwamfuta, kwamfutar kuma tana wurinsa. Muna cikin rarrafe amalanken shanu ya wuce mu. Mai shi ya yi mana sallama, ya tambaya ko akwai saƙo zuwa gari.

Na ga kun fara murmushi, kuna jiran in ce yaro ya ji kunya ya dawo ya ce Baba ka yi gaskiya. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. To ba haka aka yi ba.

Mun shigo Illela bayan la'asar, gilashi a rufe, fitilu a kunne, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Mutanen gari ba su san lalura ba ce. Su dai sun ga jar mota kamar gida tana tafe a hankali, ta ƙi sauri, sai suka ɗauka isa ce. 'Yan kabu-kabu suka jeru gaba da baya suna danna oda. Masu shaguna suka miƙe suna ɗaga hannu. Wani maroƙi ya bi gefen Bashiru yana kirari har ya tono sunan kakansa. Kafin mu kai ƙofar gida wani ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko ana ba da ita haya, ɗansa zai yi aure. Na dubi Bashiru. Ya gyara hula, ya sauke gilashi rabi, yana ɗaga hannu a hankali kamar a haka aka haife shi. Na san an gama.

Da sassafe na kwaso ragowar albasa da bijimi da Hajiyar kanta a tsohuwata, muka riski kasuwa. Da na dawo Bashiru na jirana.

"Baba, ka yi hanƙuri. Saye za ni yi."

Na ce, "Bayan abin da kag gani jiya?"

Ya ce, "Sabadda abin da nig gani jiya. Albasa ba ta taɓa sa wani ya tashi tsaye don ni ba."

Na ce, "Mutanen Darna da Lafani hwa?"

Ya ce, "Allah shina nan."

Na ce, "Shina nan ƙwarai." Na ba shi makulli.

Ta layin Darna wani ya saya ya haura da ita Ƙonni. Tawa kuwa ana cikin ciniki sai ga Hajiya Kulu da mayafi a kafaɗa, ta dafa bonet ta ce ta saya, "da direban ciki." Ba ta tambaye ni ba. Ta karɓi makullin daga hannun Bashiru ta jefo mini, ta ce in je in ci abinci akwai lodi da yamma.

In kuna jiran in ce Bashiru ya talauce, ku ci gaba da jira. Bai talauce ba, har tumbi ya ajiye. An ɗora jar motar a bayan wata motar aka kai ta Kano aka lallashe ta, ta dawo. Yau babu bikin masu hali daga nan har Sakkwato da ba a ganinta a gaba. Lokacin siyasa ba ta yini a gida. Masu neman ƙuri'a na tsayawa a bayanta, a wurin nan da ya kasa ɗaukar albasa, suna alkawarin yi wa ƙauyuka hanya. Mawaƙan waya na jingina da ita ana ɗaukarsu hoto. Daga gidan mai na birni ake kawo mata abin sha, a tace da ƙyalle kamar kunun jariri. Ana yi mata wanka safe da yamma. Motar da aka ƙera don daji, tun ranar Lafani tayarta ba ta sake taka yashi ba. In ka tambaye shi sai ya ce fenti, ya kuma ce dajin yanzu ba a shiga shi da abu mai ƙyalli, yana kiran waɗanda ba a gayyata ba. Wannan kam ya yi gaskiya.

Abin da ba a ɗauka a hoto shi ne layin Darna. Motar da ta haura ba a maye gurbinta ba, ni kuma ba na rabuwa biyu. A daminar da ta biyo, ina Lafani laka ta riƙe ni, aka ɗauko wata mai naƙuda daga Darna a amalanke. Ita ta iso asibiti, abin cikinta bai iso ba. A ranar jar motar na kai ango ɗaurin aure. Ban ce laifin fenti ba ne. Na dai faɗa muku inda kowace mota take a ranar.

Da kaka ta yi, geron gonar gadon su Bashiru ta Amarawa ya taru, dammuna sun yi tsibi. Sai ga Bashiru a rumfar Hajiya. Ya ajiye motarsa a bakin kwalta ya ƙaraso a ƙasa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, so nika yi Baba Ummaru shi kwaso min hatsi."

"Taka motar hwa? Ba ta da lahiya?"

"Lahiya lau. Hanyar ta dai, kin san ta."

"Na san ta. To bi layi. Mutanen Darna na gabanka, sannan na Lafani."

"Haba Hajiya, motar ubana ta hwa."

"Awo. Shi ya san abin da yab bari, kai ka san abin da kas saida."

Ya bi layi. Sai da na gama da kowa na kwaso masa, gara ta riga ta ɗanɗana na ƙasa.

To kun ji. Ni ba na hana mutum sayen abin da ransa ke so. In sana'ar idon mutane za ku shiga, motar ta dace da aikin, sai dai ku sani bukukuwan Illela ba su isa ciyar da irinta biyu ba, kuma Bashiru ya riga ku cin kasuwar. In kuwa dako za ku ci gaba da yi, waɗanda ke hannunku ba su yi muku laifin komai ba. Ku canja musu baƙin mai a kan kari, ku sayi shebur, ku koyi riƙe shi.

Amma kada in ci amanar saƙo. Da Hajiya Kulu ta ji za ku zo wurina, ta ce in gaya muku kada ku saurari surutun tsoho, ku yi maza ku sayi babbar, ta dace da ku ƙwarai da gaske. Ta ce tsofaffin naku kuma kada ku wahalar da kanku da neman dillali, ku kawo su rumfarta. Ta riga ta sa an share musu wuri.